Motoci masu lumshe ido: kafin a taɓa bis, a duba gaɓoɓi

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 yana tune da su: Toyota Celica ko Honda Prelude, masu shafaffen goshi, da ke shigo mana jefi-jefi cikin motocin okaziyo ta tashar ruwan Kwatano. Da rana ba a ganin fitilunsu. Sai almuru ta yi, direba ya taɓa maɓalli, idanu biyu su ɗago daga kapo. Kaɗan suka rage, kuma in ka gamu da ɗaya da dare, sau da yawa ido guda na kallon taurari, guda na kallon kwalta.

A Amurka aka fara wannan dabara, da motar Cord 810 a 1935, wadda direba ke buɗe fitilunta ta murɗa hannu. Dokar ƙasar ce ta yaɗa ta: daga 1940 zuwa 1983 an tilasta wa masu ƙera mota fitilu masu ƙayyadadden girma, sa'an nan ga iyakar da fitila ba ta sauka ƙasa da ita. Mai son mota mai ƙasƙantaccen hanci sai ya ɓoye fitilar. Da aka sassauta dokar, Turai kuma ta tsaurara kāriyar masu tafiya ƙasa a 2003, sai yayin ya wuce. Corvette C5 da Lotus Esprit suka rufe ƙofa a 2004. Ke nan autarsu ma ta haura shekara 20.

A nan gizo ke saƙar. Fitilar mota ta yau da kullum a kafe take, bis biyu sun isa a daidaita ta: ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu. Ita kuwa wannan, a kan gaɓa take zaune. Ƙaramin inji na lantarki ke tura ta ta hanyar sandar ƙarfe mai ƴan zobba na roba (Corvette ta 1968 zuwa 1982 ma da zuƙar iskar inji take ɗagawa). Zafi ya cinye robar, ƙurar hunturu ta haɗu da giris ta zama kamar yashi. Makanikin da ya ruga ga bis, aikin banza ya yi: fitila ta rufe, ta sake buɗewa, ta tsaya wani wuri daban. A ɗaga ta tukuna, a girgiza da hannu; in tana rawa, a wanke gaɓa, a sake zobba, a gyara tsawon sandar har ido biyu su tsaya daidai. Mazda MX-5 ta 1989 tana da ɗan murɗi a kan injin na ɗagawa da hannu, abin da ke sauƙaƙa wannan dubawa.

Bayan haka ne ake zuwa ga bango. Fili shimfiɗaɗɗe, tayoyi da iska cikakkiya, mutum a kujerar direba, mota nesa da bango mita 10. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a zana shi da alli, a kunna kod. Bisa ƙa'idar Turai, haske na sunkuyawa kamar kashi 1 cikin 100, watau iyakarsa ta faɗi santimita 10 ƙasa da zanen. A rufe ido guda da tsumma a gyara ɗan'uwansa, sa'an nan a lumshe su a buɗe sau uku ko huɗu, a ga ko layin ya motsa.

Lissafin ba wasa ba ne. Fitila mai tsayin santimita 65, a kashi 1, tana haska mita 65. In ta zube zuwa kashi 3, mita 22 kawai. Alhali mota mai gudun kilomita 90 tana cin mita 25 a daƙiƙa. Amalanken jaki marar fitila tsakanin Maraɗi da Tasawa ba ya ba direba wannan daƙiƙar. In kuwa ta ɗaga sama, mai zuwa ne ke makancewa.

Saura abu guda da bis ba ya magani. Fitilar da aka ƙera don Japan ko Ingila, inda ake bin hagu, gefen hagu take ɗaga haske, kai tsaye cikin idon wanda ke gaba da kai a hanyoyinmu. A kan gilashin na Ingila akwai kibiya mai kai ɗaya. Wanda ya gan ta, ya nemi wata fitilar.