Ayu Yana Raguwa a Kogin Kwara

Mu mutanen ƙasar Zuru mutanen tudu ne. Saninmu da babban ruwa bai wuce bandar kifin da ake kawo mana daga Yauri ba. Shi ya sa da yawa cikinmu sun ji sunan ayu a bakin masu tallar magani ranar kasuwa, amma ba su san kamanninsa ba.

Ayu ba kifi ba ne, ko da yake a ruwa yake kwana yake tashi. Iska yake shaƙa kamar mu, macen kuwa nono take ba ɗanta. Babba yakan kai tsawon mita 3, nauyinsa ya yi na buhun dawa 3 ko fiye. Masana sun ce giwa tana cikin danginsa na kusa. Duk girman nan, yawancin abincinsa ciyawar ruwa ce, ba ya faɗa da kowa.

To, ga inda matsalar take. Kifi yakan zuba ƙwai dubbai, amma macen ayu sai ta yi wajen shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta daɗe tana renonsa kafin ta sake. Mafarauta kuwa suna binsa da mashi saboda namansa da kitsensa da fatarsa, wani kuma ya sarƙe cikin ragar masunta ya kasa leƙowa, ya mutu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, na sama da ita sun rabu da na ƙasa.

Doka dai akwai ta. Dokar Nijeriya ta 1985 ta hana farautarsa, a 2013 kuma taron ƙasashen duniya a Bankok, ƙasar Tailan, ya haramta cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Amma a ganina doka ba ta kai kuɗin mai saye ƙarfi ba. Muddin ana neman man ayu a kasuwanninmu na tudu, mai mashi ba zai ajiye mashinsa ba.

Kada mai karatu ya ce dabbar ruwa ba ta ƙarewa. Ayu yana da wani ɗan'uwa ƙato a tekun sanyi tsakanin Rasha da Amurka. Turawa sun fara ganinsa a 1741, matuƙan jirage suka yi ta cin namansa. A 1768 aka kashe na ƙarshe da aka sani.