Inuwa nawa ke akwai a birnin Yamai?

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da juya takardun gwamnati daga Faransanci zuwa Hausa ya san wahalar kalmomin nan biyu, « espace vert ». In aka ce koren fili, mai sauraro sai ya ɗauka filin ƙwallo ake nufi. In aka ce garka, hankalinsa ya tafi ga salati da albasa. In kuwa aka ce daji, sai ya tambaya me ya kawo daji cikin gari. Abin da mutanenmu suka sani shi ne inuwa, da gindin itace inda ake shimfiɗa tabarma. Wannan tuntuɓen harshe yana nuna mana cewa ma'aikacin da ke awo da mutumin da ke zaune cikin unguwa ba abu ɗaya suke ƙidayawa ba.

Bari mu ɗauki misalin babban birninmu. A shekara ta 1965 aka fara dashen ɗamarar itatuwa ta Yamai, domin a kare garin daga iska da ƙura. An tsara ta da tsawon kilometir 25 da faɗin kilometir ɗaya, wato hekta 2.500, kuma yawancin abin da aka dasa bedi ne, wanda wasu ke kira dogon yaro, sai itacen turare. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum miliyan ɗaya da ɗan ɗoriya a Yamai. In aka raba waɗannan hektoci bisa wannan adadi, kowane mutum zai tashi da murabba'in metir kamar 24. To, cikin rahotanni ana yawan faɗin cewa metir 9 ne mafi ƙarancin abin da ya kamata ɗan birni ya samu, ana kuma jingina wannan adadi ga Hukumar Lafiya ta Duniya. Ke nan a bisa takarda mutumin Yamai ya wadata, har da rara.

Amma takarda ba ta jin zafin rana. Garin ya yi girma har ya tsallake ɗamarar. An sare wasu itatuwan, an gina gidaje da bukkoki a wasu wurare, wasu kuma sun koma juji inda leda ke rataye bisa rassa. Ko da a ce komi yana nan yadda aka dasa shi, wanda ke zaune a ƙetaren kogi, can Harobanda, yaya zai yi ya mori metir 24 ɗinsa da azahar? Mai tuyar ƙosai, da tsohon da ke jiran la'asar, da samarin fada masu dafa shayi, lissafinsu daban yake: taku nawa ne daga ƙofar gida zuwa inuwa, akwai wari ko babu, kuma wa zai ce musu su tashi. Mace ma tana da ƙarin tambaya, domin inuwar da maza suka mamaye tun safe ba tata ba ce, ko da a ƙofar gidanta take.

Haka zancen yake ga filayen da ake warewa sa'ad da ake yanka sabuwar unguwa. A taswira an shafa musu koren launi, suna kuma shiga lissafi. In ka je wurin, sau da yawa rairai za ka tarar da awaki, in ma ba a riga an kewaye shi da katanga ba.

Yau awon ya wuce igiya da taswira, ya koma sama. Tun 1972, da aka harba tauraron ɗan adam na farko na jerin Landsat, ake ɗaukar hoton ƙasa ana auna korenta. Dabarar kuwa ita ce, ɗanyen ganye yana shanye jan haske, yana mayar da wani haske wanda idon mutum ba ya gani, sai na'ura ta gwada biyun ta faɗi yawan tsirran wurin. Dabara ce mai kyau, amma tana da makanta iri biyu a ƙasa irin tamu. Ta farko, kowane ɗigo na hoton Landsat yana rufe fili mai metir 30 tsawo da 30 faɗi. Bedi guda da ke tsakar gida, wanda iyali duka ke wuni ƙarƙashinsa, sai ya ɓace cikin rufin kwano da rairai. Ta biyu, maganar lokaci ce. Cikin watan Agusta kowane kango kore ne shar da tafasa da haki, na'ura ta rubuta alheri, alhali maƙwabta sauro da macizai suke gani. Gawo kuma, da yake zubar da ganyensa da damana ya fitar da shi da rani, hoton Agusta sai ya ɗauke shi busasshe. Inuwar da mutane ke bukata ta watan Afrilu da Mayu ce, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Kada mai karatu ya ɗauka raina awo ake yi. Ido ma yana ruɗi, kuma sau da yawa zuciya ke yi masa jagora. Abin da ya faru a gonakin jihohin Maraɗi da Damagaram ya isa darasi, ko da yake ba cikin birni ba ne. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, shekarar da aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi, kowa ya sakankance itace ƙarewa yake yi. Manoma kuwa suna can suna renon tohon kututture cikin gonakinsu. Sai bayan shekara ta 2000, da masana suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 da sababbi, suka kuma taka da ƙafa suka tambayi masu gonakin, aka gane cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa. Awon ya yi amfani ne ranar da aka haɗa shi da bakin mutanen wurin.

Tun 1975 ake dashen itatuwa a ƙasarmu kowace ranar 3 ga watan Agusta, kuma abin da aka saba bayarwa a rahoto shi ne yawan ƴan itatuwan da aka dasa. Da wuya a ji nawa suka kai bazara ta uku, balle a ji wace unguwa ta samu, wace ta rasa. Illar wannan a fili take: hekta ɗari a bayan gari suna iya rufe asirin unguwa goma da ba su da inuwar zaman makoki, kuma in aka zo faɗaɗa hanya aka sare bedi ashirin, lissafin gari ba zai ko motsa ba.

A shekara ta 2021 wani masanin itatuwan birni ɗan ƙasar Holan, Cecil Konijnendijk, ya kawo ma'auni mai sauƙi: kowa ya iya hangen itace 3 daga gidansa, inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 cikin ɗari na unguwa, kuma kada wurin hutawa ya wuce nisan metir 300. Kashi 30 ɗin nan zai yi mana nauyi, ga ƙarancin ruwa. Amma na farko da na uku ba su bukatar tauraro. Mai unguwa da ɗaliban yaƙi da jahilci suna iya bin gida gida cikin watan Afrilu da littafi da alƙalami, su rubuta itatuwan da ake gani daga kowace ƙofa, su kuma tambayi mata da maza daban daban inda suke zama da ƙarfe biyu na rana, sa'an nan su miƙa littafin ga ma'aikatar magajin gari kafin a raba dashen bana.