Randa ba ta jiran wutar lantarki

Duk wanda ya sha zafin Afrilu a Gazawa ya san daɗin ruwan randa. Amma mu nawa muka taɓa tsayawa mu ga yadda ake gina ta?

Maginiya ba ta da inji ko ƙarfen juyi. Yumɓu take ɗebowa daga fadama, ta jiƙa shi ya kwana, ta daka fasassun tukwane ta zuba a ciki don kar kayan su tsage a wuta, sannan ta cuɗa har ya yi laushi. Wata takan kife tsohuwar tukunya ta shimfiɗa yumɓun a bayanta tana bubbugawa har gindi ya fito. Idan ya sha iska ta ɗaga, ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa har wuya da baki. Gashin ma a fili ake yi, da karan hatsi da kashin shanu. Tukunya guda ta fashe cikin wutar, tana iya ɓata na kusa da ita, aikin mako ya tafi.

Wannan gini da hannu ba na jiya ba ne. A Tagalagal, cikin duwatsun Abzin, Bafaranshe mai bincike Jean-Pierre Roset ya tono ɓaraguzan tukwane masu kusan shekaru 10,000, suna cikin mafiya tsufa a Afirka. Ke nan tun kafin a fara noman hatsi, ana dafa abinci a tukunya a ƙasar nan.

Yau fa? Shiga kasuwar Agye ko Gidan Rumji ka ga yadda jarkar roba ta ture tulu, tukunyar dalma ta ture ta ƙasa. Ban ga laifin mata ba, roba ba ta da nauyi kuma ba ta fashewa a hanyar rijiya. Randa ce dai ta gagari roba, domin ruwan da ke tsatsafowa ta jikinta, in iska ta busar da shi, shi ke sanyaya na ciki.

Da wannan dabarar malamin makaranta Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ga tumatirinmu na rani yana ruɓewa a kasuwa, ga maginan Jiratawa da Miriya nan kusa da mu.