Safar Hannu a Teburin Kwastan: Rikicin Lamba da Wanda Ke Biyan Kuɗinsa

Safar hannu ta zaren roba ta mamaye kasuwa. Ɗan achaɓa na sa ta a sanyin hunturu, birkila da ɗan jari-bola na sa mai tafin roba, mata masu niƙabi na sayen baƙa mai santsi a Kantin Kwari. Da yawansu nailan ne ko poliyesta, kuma akasarinsu daga China suke fitowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: zaren roba ya fi fata da auduga araha, wanki ba ya lalata shi, inji kuma yana saƙa safa guda cikin 'yan mintoci ba tare da ɗinki ba. Abin da mai saye ba ya gani shi ne gardamar da ake tafkawa a tashar jiragen ruwa kafin kwalin ya fito.

Kowane kaya da ya tsallaka iyaka yana da lamba a kundin da Hukumar Kwastan ta Duniya, mai hedikwata a Brussels, take kula da shi tun 1988. Kundin bai ware wa safar hannu gida ɗaya ba. Wadda aka yi da saƙar allura tana ƙarƙashin 6116, idan zaren roba ne kuma 6116.93. Da zarar an shafe ta da roba ko leda, ta koma 6116.10. Wadda aka yanka daga yadin masaƙa aka ɗinka ta tafi 6216. Ta fata 4203, ta leda zalla 3926, ta robar asibiti 4015. Tsarin ya dace da zamanin da safa take abu guda. Yau masana'anta na haɗa bayan hannu na poliyesta, tafi na fatar roba, wuyan hannu na saƙa, a kan yatsa kuma a ɗora wani ƙyalle don taɓa waya. Ƙa'ida ta uku ta fassarar kundin ta ce a duba abin da ya ba kayan ainihin siffarsa. To, wane ne alƙalin ainihi? Jami'in kwastan ya ce tafin ne, tunda shi ke riƙe abu. Ejan mai kayan ya ce bayan ne, tunda shi ya fi faɗi.

A Amurka wannan gardama kuɗi ce tsagwaronta. Safar zaren roba ta yau da kullum tana da harajin asali na kashi 18.6 cikin ɗari, wadda aka ƙera musamman don wasanni kuwa kashi 2.8. Shi ya sa kamfanoni ke aika samfur tun kafin su yi oda, hukumar kwastan ta ƙasar ta rubuta hukunci, ta sa shi a intanet kowa ya gani. Har ɗan ƙyallen da ake sawa tsakanin yatsu sai an ambata ko akwai shi ko babu.

Lamarinmu a Najeriya ya sha bamban. Harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda aka amince da shi a Dakar a 2013 kuma ya fara aiki a 2015, matakai biyar ne kawai: sifiri, 5, 10, 20 da 35. Kayan sawa da aka gama haɗawa yawanci a kashi 20 suke zama, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5. Ke nan sau da yawa sauya lambar safa daga 6116 zuwa 6216 ba ya canza kuɗin fito da yawa. Amma yana canza komai a takarda. Lambar da aka rubuta a Form M, wato takardar neman shigo da kaya, ita ce za ta bi kayan zuwa PAAR, rahoton tantance su kafin isowa, kuma idan jami'in da ya buɗe kwantena ya ga saɓani, sai ya tsayar da fitarwa. Daga nan kuɗin ajiya da na kamfanin jirgi ke hauhawa kullum, cikin tsadar dala. A ganina nan ne ainihin ɓarnar take: ɗan kasuwa ba harajin yake tsoro ba, jinkirin yake tsoro, kuma wanda ke tsoron jinkiri shi ne mai saurin sa hannu a aljihu.

Annobar korona ta ƙara dagula lissafin. A 2020 Hukumar Kwastan ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun fitar da jerin kayan kariya wanda ya haɗa safar 4015 da 3926 da 6116.10 da 6216, ƙasashe da dama kuma, har da Najeriya, suka sassauta haraji kan kayan asibiti. Duk inda aka buɗe ƙofar rangwame, sai ka ga safar leburori ta wayi gari ta zama ta likitoci a takarda. Jami'ai sun koyi zargi daga wannan, kuma mai gaskiya ma yana shan zargin.

Nauyin ba daidai yake sauka ba. Babban kamfanin da ke shigo da kwantena cike da safa iri ɗaya yana da takardar bayanin kaya daga masana'anta, yana da lauya. Ɗan kasuwar Kano da ya yi sayayya a Guangzhou ko Yiwu ya zuba kwali goma cikin kwantenar haɗaka bai ma san lambar da aka rubuta masa ba, nauyi ko faɗi kawai ya biya. Idan an riƙe kwantenar saboda kayan wani, nasa ma sun kwana, kuma safar sanyi da ta iso bayan hunturu sai dai ta jira baɗi. Wasu sai su koma tsohuwar hanyar Kwatano zuwa Maraɗi, duk da cewa ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 da takun-saƙarta da Benin sun sa hanyar ta yi tsada.

A 2024 Hukumar Kwastan ta Najeriya ta ƙaddamar da tsarin yanke hukunci tun kafin kaya su iso, wanda dokarta ta 2023 ta ba shi gurbi. Mataki ne mai kyau, amma amfaninsa ga ƙaramin ɗan kasuwa ya dogara da abu biyu: a riƙa wallafa hukunce-hukuncen a fili tare da hoton kayan, kuma jami'in Apapa da na tashar tsandauri ta Dala su yi aiki da hukunci ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari na iya aika samfurin safar da suka fi shigowa da ita, su karɓi lamba ɗaya da sunan mambobinsu baki ɗaya.