Sabuwar Waya, Tsoffin Lambobi: Yadda Ake Ƙaura Ba a Bar Kowa a Baya Ba

Kusan kowane mako sai an ga wani ya ɗora a WhatsApp cewa ya canja waya, lambobinsa sun tafi, kowa ya turo masa sunansa. Ga ɗalibi wannan ɓacin rai ne na kwana biyu. Amma ga mai sayar da atamfa ko turare ta waya, wadda lambobin masu sayen kayanta su ne rabin jarinta, asara ce ta kuɗi.

Tushen matsalar shi ne mutane da yawa ba su san inda lambobinsu suke zaune ba. A wayar Android wuri uku ne: kan layi, cikin ƙwaƙwalwar wayar, ko a asusun Google. Layi shi ne mafi rauni. Yawanci ba ya ɗaukar fiye da lambobi 250, suna ɗaya da lamba ɗaya, kuma yana datse suna idan ya yi tsawo. In aka sace waya aka je ofishin kamfani aka karɓo sabon layi, lambar mutum za ta dawo, amma layin fanko zai zo. Abin da aka ajiye a cikin waya kuwa, ranar da ta faɗa ruwa ko ta ƙi kunnuwa, ya bi ta.

Saura asusun Google, kuma nan ne ake yin sakacin da ya fi tsada. An saba a sayi waya a kasuwa irin Farm Centre ta Kano, a miƙa wa yaron shago ya buɗe Gmail don a samu sauke manhajoji, a tafi ba a tambayi kalmar sirri ba. Shekara biyu lambobi suna taruwa a asusun da mai wayar bai san mabuɗinsa ba. Don haka kafin a taɓa sabuwar waya, a fara tabbatar da adireshin Gmail ɗin da ke kan tsohuwar, a sabunta kalmar sirrinsa tun wayar tana hannu, a kuma sa lambar da ake amfani da ita a matsayin ta dawo da asusu.

Daga nan aikin ba wuya. A manhajar Contacts ta Google akwai wurin kwashe lambobin layi da na cikin waya a zuba su a asusun. A kunna Sync, sannan a buɗe contacts.google.com a burauza a duba. In sunayen sun bayyana a can, sun tsira. Da an shiga asusun a sabuwar waya za su sauko da kansu. Ko an goge wani bisa kuskure, yana nan a kwandon shara har kwana 30.

Wanda ba shi da data yana da wata hanyar. Zaɓin Export yana tattara lambobin duka a fayil guda mai ƙarewa da .vcf, wanda bai kai nauyin waƙa ɗaya ba in babu hotuna a ciki. A tura shi ta Bluetooth, Xender ko Quick Share, a buɗe a sabuwar wayar. Sai dai a goge shi daga duk wayar aro da ya bi ta ciki, domin littafin lambobin mutum ne ɗungurungum.

Masu Samsung suna da Smart Switch, mai kwashe har da saƙonni da hotuna. Mai komawa iPhone kuma Move to iOS zai nema, amma tana aiki ne lokacin da ake saita iPhone ɗin da farko. In an riga an wuce nan, ya fi sauƙi a sa asusun Gmail a saitunan wayar a kunna lambobi.

Hirarrakin WhatsApp hanyarsu daban. Ana iya yi musu ajiya a Google Drive, sannan a dawo da su da lamba ɗaya da asusu ɗaya. Tun 2024 wannan ajiyar tana cin wuri daga 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta, saboda haka mai tarin bidiyon biki gara ya cire bidiyo daga ciki.

Akwai manhajoji barkatai a Play Store da ke alkawarin kwashe lambobi cikin daƙiƙa. Mafi yawansu ba abin da suke yi da wayar ba ta iya yi da kanta, kuma farashinsu shi ne izinin karanta lambobin. An ga inda irin wannan izini ya kai mutane a hannun manhajojin ba da bashi, waɗanda suka riƙa tura wa dangi da abokan aiki saƙon cin mutunci, har Google ya hana su taɓa lambobin mutane a 2023.

Tsohuwar wayar kuma kada a yi gaggawar sayar da ita. A bar ta kwana biyu ko uku har a tabbatar manhajar banki ta buɗe a sabuwar, lambobi sun cika. Sannan a cire asusun Google kafin a goge ta gaba ɗaya. In ba a cire ba, tana iya kullewa a hannun wanda ya saya, ya dawo yana neman kalmar sirrin mai ita.