Dashen Haƙorin Gaba Nan Take: Dasashi Ne Ma'aunin Nasara

Lokacin da Per-Ingvar Brånemark ya fara dasa ƙarfen titaniyom a muƙamuƙin ɗan'adam a Gothenburg ta ƙasar Suwidin a 1965, tsarin da ya kafa na haƙuri ne: a bar gurbin haƙorin da aka cire ya warke, a dasa ƙarfen, a rufe shi da dasashi na wasu watanni, sannan a ɗora masa kai. Wani likita mai suna Schulte ya gwada dashe a sabon gurbi a Tübingen ta Jamus a 1976, kuma a 1998 wani likitan, Wöhrle, ya nuna ana iya ɗora haƙorin wucin gadi a ranar da aka yi dashen. Daga nan salon dashen nan take ya bazu, musamman ga haƙoran gaba na sama. Dalilan a fili suke. Ba wanda ke son yawo da giɓi a gaban baki, tiyata ɗaya ta fi biyu sauƙi, na'urar hoton ƙashi ta inganta, asibitoci kuma sun ga abin talla a alƙawarin shiga da karyayyen haƙori a fita da murmushi. Sai dai abin da ke raba kyakkyawan aiki da mummuna a wannan wuri shi ne yadda dasashi zai kasance bayan shekaru, kuma saurin dashe ba shi da iko a kan wannan.

Da farko an zaci ƙarfen da ya cike gurbi zai hana ƙashi zaizayewa. Gwajin da Araújo da Lindhe suka yi a kan karnuka, wanda aka buga a 2005, ya rushe wannan zato. Bangon ƙashin da ke lulluɓe saiwar haƙori ta ɓangaren leɓe yana samun jini da dalilin zamansa ne daga zaruruwan da ke ɗaure haƙori a gurbinsa. Da an cire haƙorin, zaruruwan sun tafi, bangon ya fara narkewa, ko da ƙarfe a ciki ko babu. A haƙoran gaba na sama kuwa, kaurin bangon nan a mafi yawan mutane bai wuce milimita 1 ba, siriri kamar ɓawon ƙwai. Dasashi kuma ƙashi yake bi. Inda ƙashi ya ja baya, can zai bi shi.

Sakamakon yana bayyana a madubi. Haƙorin dashe ya fi maƙwabcinsa tsayi saboda dasashinsa ya janye sama, launin toka na ƙarfe yana leƙowa ta cikin siririn nama, ɗan tsinin naman da ke tsakanin haƙora ya lotsa ya bar baƙin gurbi inda abinci ke maƙalewa. Nazarin Chen da Buser na 2014 ya tarar cewa kusan ɗaya cikin huɗu na dashen nan take ya samu janyewar dasashi fiye da milimita 1. A turmi ba wanda zai lura da wannan, amma a gaban baki milimita ɗaya ta isa ido ya gane. Shi ya sa Fürhauser da abokan aikinsa a Viyana suka fitar da ma'aunin kyawun dasashi a 2005, mai duba abubuwa 7, da maki 14 a matsayin ƙololuwa.

Masu goyon bayan salon za su ce ƙarfen da aka dasa nan take yana kama ƙashi kusan kamar wanda aka jinkirta. Gaskiya ne, amma ƙarfe na iya zama daram alhali dasashin da ke kansa ya lalace, mai shi yana dariya yana rufe baki da hannu. Za su kuma ce dabarun sun ci gaba: ana cire haƙori a hankali ba tare da ɗage dasashi ba, a karkatar da ƙarfen zuwa ɓangaren ganɗa, a cike ratar da ta rage da garin ƙashi, a yanko nama daga ganɗa a ƙara wa dasashi kauri, a sa haƙorin wucin gadi ya tallafi gefensa. Wannan ma gaskiya ne, kuma sakamako ya gyaru sosai. Amma kowace dabara a cikinsu an ƙirƙire ta ne don cike abin da dashen kansa bai iya tsarewa ba, kuma tana buƙatar ƙwararren hannu. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce dogon jira ma yana cinye ƙashi. Amsar masanan Bern ta Siwizalan ita ce tsaka-tsaki: a jira mako 4 zuwa 8 nama ya rufe gurbin, sannan a dasa tare da gina ƙashin gaba.

Saboda haka dashen nan take ya dace da wanda bangon ƙashinsa yake lafiya da kauri, dasashinsa mai nama, babu ƙurji a gurbin, akwai kuma ƙashin da zai riƙe ƙarfen gam. Mai shan taba, da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da mai tsohon ciwon dasashi, da wanda dasashinsa siriri ne kuma yana bayyana in ya yi dariya, jinkirin 'yan makonni ya fi musu alheri, domin gyaran dasashin da ya janye a jikin ƙarfe yana da wuya, kuma ba kullum yake yiwuwa ba. Likitan da zai ba da shawarar dashe a rana ɗaya ya kamata ya fara nuna wa mara lafiya kaurin ƙashinsa a hoto, ya kuma nuna masa yadda ayyukansa na baya suka kasance bayan shekara biyar.