Daga sigarin Habana zuwa tumbak ɗin Sudan: yadda ake gane taba mai daraja, da abin da farashinta ke ɓoyewa

A kasuwar Maiurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa a gaɓar Shuɗin Kogin Nilu kudu da Sennar bayan yaƙin Burmi na 1903, ba a sayar da sigarin ganye irin na Kyuba, wanda Faransawa ke kira cigare. Tabar da aka sani a can, da sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira da unguwanninsu a Wad Madani da Sinja da Damazin, ita ce tumbak: garin taba mai laima da ake kwaɓawa da kanwa a cusa a bayan leɓe.

Tsakanin kayan biyu akwai tazara mai yawa ta fuskar kuɗi. Sanda guda ta sigarin Habana mai suna kan kai dala ɗari ko fiye, tumbak kuwa ana sayen sa a ƙullin leda da ɗan canji. Amma hanyoyin da masana kowannensu ke bi wajen raba mai kyau da maras kyau sun yi kama ƙwarai, kuma fahimtar su na bayyana dalilin da ya sa likitoci ke cewa tumbak ɗin da aka fi yabo shi ne ya fi haɗari.

Yadda ake auna sigarin ganye

Sigarin ganye ba shi da takarda ko auduga kamar sigarin kwali. Ganyen taba ne zalla, an naɗe shi da hannu kashi uku: cikon ciki, da ganyen da ke ɗaure cikon, da mayafin waje. A cikin cikon ma ana haɗa ganye daga sassan tsiro daban-daban. Na ƙasa shi ke sa wuta ta ci daidai, na tsakiya ke ba da ƙamshi, na sama wanda ya fi shan rana ke ba da ƙarfi.

Ƙasar da aka shuka tabar ita ce farkon abin tambaya. Yankin Vuelta Abajo da ke lardin Pinar del Río a yammacin Kyuba ne ya fi suna a duniya, sai wasu yankuna a Nikaraguwa da Jamhuriyar Dominika da Honduras. Afirka ma tana da nata kaso: mayafin da ake nomawa a gabashin Kamaru, wajejen Batouri, da kuma yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, na cikin waɗanda manyan kamfanoni irin su Arturo Fuente ke naɗe wasu sigarinsu da shi.

Bayan girbi ana rataye ganyen a rumfunan shanya na tsawon makonni, sannan a tara shi tsibi-tsibi da ɗan danshi domin ya yi zafi daga ciki ya ruɓa a hankali. Wannan ruɓar ce ke rage ɗaci da warin da ke hawa kai. Daga nan sai ajiya, wadda kan ɗauki shekara ɗaya zuwa shekaru da dama.

Mai ɗanɗano yakan fara da ido: mayafin ya kasance mai santsi da ɗan maiƙo, babu tsagewa ko manyan jijiyoyi, launinsa ɗaya daga kai har ƙasa. Sai hannu: a matsa shi a hankali, kada ya yi tauri kamar itace, kada kuma a ji rami a ciki. Idan ya bushe har yana ƙara, an ɓata shi a ajiya, domin ana adana shi ne a akwati mai laimar kusan kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Bayan an kunna, ana duba ko iska na ratsa shi ba tare da wahala ba, ko wutar na ci a da'ira ɗaya, da kuma ko tokar na tsayawa ba ta zubewa. Ɗanɗanon kansa ana bin sa kashi uku, farko da tsakiya da ƙarshe, kuma sigarin da ke sauya ɗanɗano yayin da yake ci shi ake ɗauka ya fi. Mujallar Cigar Aficionado ta Amurka, wadda aka kafa a 1992, tana ba da maki bisa ɗari, kuma ana cire tambarin kamfani kafin a miƙa wa masu ɗanɗano, don kada suna ya rinjayi harshe.

Suna da ƙaranci na ɗaga farashi

Cire tambarin nan na nuna cewa ba inganci kaɗai ake saye ba. Cohiba, wanda aka fara naɗawa a 1966 don Fidel Castro da baƙinsa, bai shiga kasuwa ba sai 1982, kuma wannan tarihin na cikin abin da mai saye ke biya. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba tun 1962 ya ƙara wa sigarin kwarjini, ya kuma buɗe ƙofar jabu. A 2022 kamfanin Habanos, mai ikon fitar da sigarin Kyuba zuwa waje, ya daidaita farashin Cohiba da Trinidad a duniya da na Hong Kong, abin da ya ninka kuɗinsu a ƙasashe da dama. A watan Satumban wannan shekarar kuma guguwar Ian ta rushe dubban rumfunan shanya a Pinar del Río, kaya ya ƙara ƙaranci. Ganyen bai sauya ba, kuɗin ne ya tashi.

Mene ne tumbak?

Tumbak ana yin sa ne da wani jinsin taba mai suna Nicotiana rustica, wanda nikotin ɗinsa ya ninka na tabar sigari sau da dama. Cibiyar nomansa ita ce Darfur ta Arewa, a yankunan Tawila da Tabit da Shangil Tobaya, inda ake dasa shi a fadamun kwaruruka bayan ɗaukewar ruwan sama. Ana shanya ganyen, a ɗaure dami-dami, a yayyafa ruwa, a tara shi ya yi zafi na wasu makonni, sannan a ajiye shi ya kwana, wani lokaci har shekara guda. Babbar kasuwarsa a tarihi ita ce El Fasher, inda ake ciniki da ƙintari, awon da ya kai kimanin kilo 45. Daga can manyan motoci ke ɗaukar sa tafiyar sama da kilomita dubu ta El Obeid da Kosti kafin ya isa Sennar da Jazira.

Aikin ƙarshe a shagon mai sayarwa ake yin sa. Yakan niƙa ganyen, ya jiƙa kanwa, wadda Larabawan Sudan ke kira aɗrun, ya kwaɓa su da hannu, kusan kashi huɗu na taba da kashi ɗaya na kanwa. Mai sha yakan ɗebi kaɗan ya dunƙula, abin da ake kira saffa, ya ajiye tsakanin leɓen ƙasa da dasashi na wasu mintuna, sannan ya tofar. Akwai masu yin haka sau goma ko ashirin a yini. Sunayen da ake yi wa kayan kirari da su sun haɗa da Wad Amari da Sultan al-Kaif.

Ga Bahaushe wannan haɗi ba baƙo ba ne. Tun a ƙasar Hausa ake cin taba gari da kanwa, mata kuma kan goge haƙora da fure bayan goro. Mahajjata da manoman da suka zauna a Sudan, musamman bayan kammala madatsar ruwa ta Sennar da buɗe aikin noman auduga na Jazira a 1925, sun tarar da al'adar da ta yi kama da tasu, sai dai tabar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abin da mai saye ke dubawa

Kamar a Habana, tambayar farko ita ce asalin ganye da shekarar girbinsa. Wanda ya kwana ya fi sabo daraja. Ana son launi mai duhu da ya yi daidai ko'ina, ba wanda ya yi fari-fari da fumfuna ba. Ana murza shi a yatsu don a ji ko ganye ne zalla ko an niƙa shi da kara da jijiya, ko ma an ƙara masa ƙasa don nauyi. Ana shinshina shi: mai kyau a wurinsu shi ne wanda warinsa ke dukan hanci nan take. Laima ma abin lura ce, domin idan ruwa ya yi yawa an cuci mai saye a awo, idan kuma ya bushe ƙarfinsa ya tafi. Shi ya sa ake neman kwaɓin ranar, ake kuma rufe shi a ƙaramin gwangwani da ake kira huƙƙa ko a ƙulle bakin leda.

Gwaji na ƙarshe a baki ne. Wanda ya yi raɗaɗi da sauri, ya hau kai cikin ɗan lokaci, shi ake kira mai kyau. A nan hannun mai kwaɓi ke yin suna, har mutum ya tsallake shaguna da yawa ya je wurin wanda ya saba.

Inda yabon ya zama haɗari

Abubuwa biyu ke kawo wannan ƙarfi. Na farko kanwa ce: tana sa haɗin ya zama mai kaifi, ta saki nikotin ta yadda fatar cikin baki za ta tsotse shi da gaggawa. Iya yawan kanwar, iya saurin kamun, iya kuma wuyar dainawa. Na biyu shi ne ruɓarwa da doguwar ajiya cikin zafi. A lokacin ne ƙwayoyin bakteriya ke sauya sinadaran ganyen, har a samu wasu sinadarai da ake kira nitrosamin, waɗanda ke haddasa cutar daji, wato kansa.

Wani bincike da masanin Sudan Ali Idris da abokan aikinsa suka wallafa a 1991 ya gano cewa yawan waɗannan sinadarai a tumbak ya kai wani matsayi da ba a saba gani ba, kimanin ninki ɗari na abin da ake samu a tabar baki ta Suwidin da Amurka. Bambancin da tabar Suwidin shi ne ana dafa ta da zafi don kashe ƙwayoyin cuta maimakon a bar ta ta ruɓa. Wani nazarin da suka fitar a 1998 kan jihar Kogin Nilu ya nuna kashi 34 cikin ɗari na maza baligai na amfani da tumbak, mata kuwa kashi 2.5. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Lyon na Faransa, ta sanya tabar baki a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam. Likitocin Sudan sun daɗe suna lura cewa ciwon kan fito ne daidai wurin da mutum ke ajiye saffarsa.

Sigarin Habana ma tsadarsa ba ta wanke shi ba. Babbar sanda guda na iya ƙunsar taba daidai da kwalin sigari sukutum, kuma ko da mai sha bai zuƙi hayaƙin zuwa huhu ba, yana fuskantar cutar daji ta baki da maƙogwaro da maƙoshi. Kyawun ɗan maciji ke nan.

Yaƙi ya shiga tsakani

Yaƙin da ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya taɓa kowane mataki na wannan ciniki. An yi wa El Fasher ƙawanya tun watan Mayun 2024 har ta faɗa hannun RSF a ƙarshen Oktoban 2025, Tawila kuma ta zama mafakar dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira. Dubban iyalan da tumbak ne amfanin gonar da ke kawo musu kuɗi sun rasa gona da kasuwa. Hanyar da ta ratsa Kordofan ta cika da shingaye da faɗa. A ɓangaren masu saye kuma, Wad Madani ta kasance a hannun RSF daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025, Sinja daga ƙarshen Yuni zuwa Nuwamban 2024.

Duk kayan da ya yi ƙaranci yana jawo algus, kuma tumbak ba shi da tambari ko ranar lalacewa, ba a rubuta abin da ke cikinsa. Sudan ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta kuma yi dokar taƙaita taba a wannan shekarar, amma kayan da ake kwaɓawa a ƙananan shaguna yana da wuyar sa ido ko da a lokacin zaman lafiya. Yaƙin ya kuma katse aikin manyan cibiyoyin jinyar cutar daji biyu na ƙasar, ta Khartoum da ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, wadda ita ce mafi kusa da ƙauyukan Hausawa na yankin.

Matsayin malamai da shawarar likitoci

Muhawara kan taba tsohuwa ce a wannan yanki na Afirka. A farkon ƙarni na 17 Ahmad Baba na Timbuktu ya ba da fatawar halaccinta, wasu malamai suka saɓa masa. A shekarun 1880 Mahadin Sudan, Muhammad Ahmad, ya haramta ta tare da hukuncin bulala. Ɗariƙar Tijjaniyya, mai mabiya da yawa cikin Hausawan Sudan, tana hana 'ya'yanta taba kowace iri. Duk da haka tumbak ya ci gaba da yaɗuwa, saboda ba ya hayaƙi, yana da araha, kuma manomi ko direba na iya ɓoye shi a baki yana aikinsa.

Likitocin haƙori na ba da shawarar cewa duk mai amfani da tumbak ya riƙa buɗe leɓensa a madubi yana duba wurin da yake ajiye shi. Farin tabo ko ja da ba ya gogewa, gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, kumburi a baki ko a wuya, da haƙorin da ya fara girgiɗi ba dalili, duk alamu ne da ke buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba. Cutar dajin baki na warkewa a lokuta da yawa idan an gano ta da wuri. Sauya wurin ajiye saffa daga wannan gefe zuwa wancan ba ya kawar da haɗarin, haka ma komawa ga sigari ko shisha. Abin da ke rage shi shi ne dainawa, kuma wahalar kwanakin farko, irin su ciwon kai da saurin fushi da rashin barci, takan lafa cikin makonni biyu zuwa huɗu.